Kisan Yaba a Kurmin Gumbali

Matan da suka fita ɗiban ruwa da sassafe su suka fara ganin ungulaye suna kewaya saman kurmin Gumbali. Kafin hantsi labari ya game ƙauyen, ya wuce Sagnarigu, ya shiga Tamale: an kashe Yaba.

Yaba tsohon kada ne da ke zaune a tafkin tsakiyar kurmin. Mutanen Gumbali ba sa kiransa dabba. Sunan ma da Dagbanci kaka yake nufi, domin sun yarda cewa kakanninsu a bakin wannan tafki suka fara sauka, kadojin cikinsa suka bar su suka sha ruwa. Ba a sare itace a kurmin, ba a farauta, ba a shiga da takalmi. Tsoho Saaka, tindanan ƙauyen, wato mai riƙe da ƙasa da al'adunta, shi ke kula da wurin kamar yadda ubansa ya yi kafinsa. To, ga Yaba a kan falalen dutsen da ake ba shi kaza, an sare shi da gatari a ƙeya, an birkice shi, an yanke fatar cikinsa an tafi da ita.

A lokacin, shekaru kaɗan bayan sojoji sun dawo daga yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama, gwamnatin Turawa ta riga ta kewaye kurmin da filin kaɗanyar da ke gefensa da turakun siminti, ta ce wurin ya zama gandun daji. An hana mata tsintar kaɗanya a ciki, an ajiye ɗan gadi, kuma Baturen daji kan zo daga Tamale ya duba. Da ma zukata a cike suke. Da samarin ƙauyen suka ga cikin Yaba a buɗe, sai wani ya tuna cewa Imurana, majemin zangon Kaladan da ke Tamale, ya taɓa faɗa a kasuwa cewa bai taɓa jeme fatar kada ba, yana so ya gwada. Ba su nemi wata shaida ba. Suka je majemarsa suka kifar da tukwanen jima, suka zazzage ɗakinsa, ba su sami komai ba. Duk da haka suka yi masa duka, wani ya karya masa hannun dama da taɓarya, suka ja shi har Gumbali suka ɗaure shi a gidan tindana, a jira Bature ya zo washegari.

*

Matar Imurana, Hasanatu, ba ta tsaya kuka ba. Ta nufi Kanvili wurin Tahidu mai bin sawu.

Tahidu ya manyanta. Ubansa Bahaushe ne mai fataucin shanu, uwarsa Badagomba ce 'yar Sagnarigu, saboda haka yana jin harsunan biyu, kuma kowane ɓangare idan ya yi fushi sai ya ce shi na ɗaya ɓangaren ne. Aikinsa bin sawun shanun sata. Hasanatu ta same shi yana gyaran danga, ta faɗa masa abin da ya faru tana tsaye, ta ƙi tabarmar da aka shimfiɗa mata. Ta ce mijinta a masallaci ya yi asuba, liman zai shaida, amma babu wanda ya tambayi liman.

"Baaba Tahidu, hannun da muke ci da shi suka karya," in ji ta. "Idan Bature ya kai shi kurkuku, mazan zango sun ce za su je su sa wa kurmin nan wuta. Ni ba wuta nake so ba. Sunan wanda ya yi nake so."

Tahidu ya dubi sama. An yi ruwa jiya da yamma, ga kuma wani hadarin yana haɗuwa a gabas. Ya san idan aka sake yin ruwa, ƙasa ba za ta faɗa masa komai ba. Ya ajiye addarsa, ya bi ta.

*

Sun tarar da Imurana a ɗaure jikin turken akuya, hannunsa ya kumbura ya yi kamar ƙwarya. Ran Tahidu ya ɓaci. Ya durƙusa gaban Saaka ya gaishe shi da Dagbanci, ya tuna masa gidan da uwarsa ta fito. Tsohon ya rame, idanunsa sun yi hazo, ba ya iya tashi sai da sanda. A bayansa ɗansa Andani ke tsaye, dogo, kakkaura, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Tahidu ya nemi abu biyu: a kwance Imurana a kai shi inuwa, kuma a bar shi ya shiga kurmi. Andani ya ce baƙo ba ya taka wurin, balle a ranar makoki. Saaka ya ɗaga hannu ya ce jikan Sagnarigu ba baƙo ba ne, ya shiga, amma ya tuɓe takalmi.

Kafin ya tafi ya tambayi tsohon yadda ake ciyar da Yaba. Saaka ya ce akwai kiran da ake yi masa, wanda 'yan gidan nan kaɗai suka gada. Idan ya ji sai ya fito ya hau dutsen ya karɓi kaza. Shi dai tun bara ƙafafunsa suka daina kai shi, Andani ne ke zuwa. Andani ya ce rabonsa da tafkin tun Lahadi, ranar da Bature ya kawo baƙi. Ya faɗi haka yana kallon bango.

*

Babbar hanyar da ta shiga kurmin ta zama laka, sawun jama'a ya tattake komai. Amma Tahidu ya ga wani abu a gefenta, ƙarƙashin wata kanya: sawun takalmin but mai ƙusoshi, ya shiga ya fita, kuma bayan ruwan jiya aka yi shi. Mutum ɗaya ne ke sa but a Gumbali.

Ya sami Issah ɗan gadin daji a bukkarsa kusa da turken farko, yana goge maɓallan rigarsa. Tsohon soja ne, ɗan wajen Bawku, ba shi da kowa a ƙauyen, kuma ya san ba mai ƙaunarsa. Da farko ya musa, ya ce bai shiga ba. Da Tahidu ya kwatanta masa ƙusar da ta fita a dunduniyar ƙafarsa ta hagu, sai ya jefar da tsumman ya miƙe.

"To, na shiga," in ji shi da Hausarsa ta bariki, wadda a cikinta Bature shi ne Masa. "Na sa tarkon zabo. Masa ya ce kar kowa ya kama nama, ni ma ciki ne da ni. Amma ni ban je wurin kada ba. Wannan abu, ni ina tsoronsa. Ka tambayi matar Andani. Matar nan ne ya ce zai sare duk abin da Masa yake so a dajin nan, kowa ya ji."

Tahidu ya koma ya bi sawun but ɗin. Ya ƙare a gindin kanya, ga tarkon, ga gashin zabo. Tsakaninsa da tafkin akwai tazara mai yawa, kuma babu ƙusa ko ɗaya a ƙasar. Issah ɓarawon zabo ne, ba shi ya kashe Yaba ba.

*

Fusena, matar Andani, tana dakan dawa a bayan gida. Ba ta ajiye taɓaryar ba da ta gan shi. Ta ce ƙwarai ta faɗi maganar, kuma za ta sake faɗa. Ta ce tun tana yarinya take tsintar kaɗanya a filin nan, da man take sayen gishiri da zane. Farkon daminar nan Issah ya kama ta da kwando, aka ƙwace, aka sa ta ɗaukar duwatsun gyaran turaku a ka tana da goyo, mijinta yana kallo.

Tahidu ya tambaye ta abin da ya faru ranar Lahadi. Nan ta tsayar da daka. Ta ce Bature ya mai da kurmin wurin shaƙatawa. Kowace Lahadi sai ya zo da baƙi da matansu, duk da takalmansu, ya sa Andani ya kira Yaba su yi kallo su tafa. Lahadin da ta wuce wani baƙo ya ɗora takalminsa a kan Yaba yana cin kaza, aka ɗauke shi hoto, sannan ya jefa wa Andani taba sigari a ƙasa. Ta ce tun ranar mijinta bai ci tuwon kirki ba.

Ya nemi ganin gatarinta. Ta duba inda take rataye shi, babu. Can ta same shi jingine a bayan rumbu, an wanke shi tas, ƙotar ma da danshi. Ta ce wataƙila ruwan jiya ne. Tahidu ya lura rumbun yana da rufi mai faɗi, ƙasar gindinsa a bushe take. Ya ga dai fuskarta ta sauya, ta koma ga turminta tana daka da ƙarfin da ya wuce na dawa.

*

Hadari ya matso sosai lokacin da ya isa bakin tafkin. Wurin ya yi duhu saboda manyan itatuwa, maɗaci da ƙirya da kuka waɗanda gatari bai taɓa taɓawa ba. Birai suna leƙe daga sama. An lulluɓe Yaba da farin ƙyalle, ƙudaje sun taru.

Jama'a sun tsaya ne daga gabas da dutsen, domin gefen yamma na 'yan gidan tindana ne, ba mai taka shi. Can ƙasa ta ajiye komai. Tahidu ya fara da sawun Yaba kansa. Daga ruwa zuwa dutse, tafiya ce miƙaƙƙiya, a natse, babu alamar ja, babu inda ya yi bugu da wutsiya. Ba tarko aka sa masa ba, ba kuma janyo shi aka yi ba. Da ƙafarsa ya fito. Ga gashin farar kaza a manne a dutse.

Sannan ya ga abin da ya rikita shi. Wata siririyar hanya ta fito daga cikin duhuwa zuwa dutsen, a kanta akwai layin sawu biyu na ƙafa tsirara, duka yatsunsu suna fuskantar tafkin. Mutum biyu sun shiga ke nan, babu wanda ya fita. Ya duba bakin ruwa, ya duba kan dutse, babu wata mafita. Ya tsuguna ya daɗe. Ya auna sawun da tafin hannunsa, girmansu ɗaya. A layin farko dunduniya ce ta fara taɓa ƙasa, kamar tafiyar kowa. A layi na biyu yatsu ne suka nutse, takun kuma gajere ne, ga ɗigon jini a gefensa. Mutum ɗaya ne. Ya shiga gaba gaɗi, ya fita da baya, fuskarsa ga ruwa, har sai da ya kai wata tsamiya, a nan ne sawun ya juya.

Daga tsamiyar ya bi shi. Sawun bai nufi hanyar Tamale ba. Ya ratsa ta bayan kurmin zuwa gonakin gidan tindana, ya tsaya a wani tsohon suri. Tahidu ya zura sanda a ramin, ya jawo fatar cikin Yaba, a naɗe, gara ta fara cinta. Yana ɗaga ta yayyafi ya sauko.

*

Washegari da hantsi aka taru a ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gidan Saaka. Baturen daji ya zo da tafinta, aka ajiye masa kujera. Mutanen Gumbali suka zauna gefe ɗaya, mazan zango da suka rako Hasanatu suka tsaya ɗaya gefen, kowa yana hararar kowa. Imurana yana zaune a ƙasa, an yi wa hannunsa ɗori da kara. Issah ya ƙame a bayan Bature. Fusena tana bakin zaure da goyonta.

Tahidu ya fara da Issah. Ya ce ɗan gadi ya shiga kurmin da asuba, amma zabo ya je nema, Bature ya ji da shi. Ya ce Fusena ta yi barazana kuma tana da gatari, amma sawun da ke bakin tafkin na namiji ne. Sannan ya buɗe buhu ya shimfiɗa fatar a ƙasa. Aka yi gunaguni. Ya faɗi inda ya same ta, ya ce majemin da ya kashe kada don fata ba zai ba gara ita ba.

Daga nan ya juya ga tsohon, ya kira shi Mba, wato baba.

"Mba Saaka, idan ɗan gidan nan ya gama ba Yaba kaza, yaya yake barin wurin?"

Saaka ya ce da baya yake fita. Ba a juya wa kaka ƙeya sai an kai tsamiya. Ya ce wannan ba abin da ake koya wa na waje ba ne, baƙi ma ba su taɓa lura ba, don ta babbar hanya suke tafiya su bar ɗansa a can.

Tahidu ya ce to wanda ya kashe Yaba kiransa ya yi ya fito, ya ba shi farar kaza, ya sare shi yana ci. Bayan ya gama, da jini a hannunsa, ƙafafunsa suka yi abin da suka saba tun yana yaro, ya fita da baya har tsamiya. Ya ce mutum biyu suka san kiran nan, kuma babu sawun sanda a hanyar.

Idanu suka koma kan Andani. Tafinta ma ya manta da aikinsa, sai da Bature ya taɓa shi. Saaka bai waiwaya ba. Ya kira sunan ɗansa sau ɗaya, a hankali.

Andani ya fito tsakiyar fili. Bai musa ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Ya nuna Bature da yatsa, ya ce wa tafinta ya fassara kowace kalma.

"Ni na kashe shi. Tun kafin kakan kakanka ya san akwai ƙasar nan muke tsaron kurmin nan, ba mu taɓa bukatar siminti ba. Ka zo ka ce za ka kare shi daga gare mu. Ka hana matanmu kaɗanya, ka shigo da takalmi, ka mai da ni mai wasa da biri, ka mai da kakanmu matakin ƙafar abokinka. Na ce idan babu Yaba, babu abin da za ka zo kallo, za ka tumɓuke turakunka ka bar mu. Gara ya mutu a hannuna da ya ci gaba da fitowa yana rusuna muku saboda ya ji muryata."

Wasu daga cikin samarin suka fara gyaɗa kai. Abin da ya ƙule Tahidu ke nan. Ya taka har gaban Andani.

"Abin da ke tsakaninka da Bature na ji shi, ni ma yana ci mini rai. Amma fatar fa? Me ya sa ka yanke ta? Ka yanke ta ne don a ce mai neman fata ne. Ka san wanda za a tuna. Kana tsaye aka kawo bawan Allahn nan, kana tsaye aka ɗaure shi a turken akuyar ubanka da karyayyen hannu, ka harɗe hannuwa. Baturen da ya wulaƙanta ka ba ka iya ɗaga masa ido ba sai yau da aka kama ka. Wanda ba shi da dangi a nan shi ka zaɓa."

Andani ya juya. Ya dubi Imurana karo na farko, ya kau da kai. Samarin da suka je Kaladan suka fara zamewa baya ɗaya bayan ɗaya. Hasanatu ta nuna wanda ya ɗaga taɓarya, ta kira shi da kamanninsa, ta ce ba inda zai je.

*

Bature ya yi magana a taƙaice. Ya ce za a tafi da Andani da mai taɓaryar Tamale a yi musu shari'a. Ya ce abin da ya faru ya nuna mutanen ƙauyen ba za su iya riƙe wurin ba, saboda haka daga yau ba mai shiga kurmin sai da izininsa, har tindana. Turaku suna nan daram. Fusena ta saki wata ƙara ta faɗa zaure. Maganar hannun Imurana kuwa, Bature ya ce a kai shi asibiti, ya miƙe yana karkaɗe hularsa.

Har ya kai wurin motarsa sai ya dawo. Ya sa tafinta ya tambayi Saaka: akwai sauran kadoji a tafkin, kuma yana da baƙi daga Kumasi Lahadi mai zuwa, wa zai riƙa kiransu yanzu?

Tsohon ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya ƙi hannun da aka miƙa masa. Ya fuskanci inda yake jin muryar Bature.

"Ka ce masa na tsufa. Na manta kiran."

Sannan ya taka a hankali zuwa inda Imurana ke zaune, ya durƙusa a gabansa a gaban jama'arsa duka, abin da tindana ba ya yi wa kowa, ya roƙe shi gafara da Hausarsa marar yawa. Imurana ya ce Allah ya yafe mu duka. Hasanatu ta matso. Ta ɗaga mijinta ta hannun hagu, suka kama hanya.

An ɗaure Andani a Tamale, da ya fito bai koma Gumbali ba. Saaka ya rasu kafin kaka ta zagayo, bai koya wa kowa kiran ba. Hannun Imurana ya warke a karkace, bai ƙara riƙe wuƙar jima ba, ya koma sayar da goro a bakin tasha. Hasanatu ta kai wa Tahidu zakara don godiya, ya ƙi karɓa. Ya ce mata da ta zo masa kafin a ɗaga taɓaryar nan da ya karɓa. Ta ce ai ba wanda ya jira, ta ajiye zakaran a ƙofar gidansa ta tafi.